Bitamin D da Mai Juna Biyu: Shin Hasken Rana Yana da Hannu a Halin Yaro?

Babu malamin makarantar da bai san irin yaron nan ba, wanda ba ya iya zama minti biyar a kan benci, ya taɓa wannan ya tsokani wancan, a yi masa bayani yanzu, a tambaye shi an jima ya ce shi bai ji ba. Wasu su ce rashin tarbiyya ne, wasu su ce gado ne, wasu kuma su ce ƙuruciya ce, in ya girma zai bari. Kowace magana daga cikin waɗannan tana da ƙamshin gaskiya. To amma tun daga ƙarshen ƙarnin da ya shige, masana kimiyya suka ƙaro wata tambaya wadda a jin farko za a ɗauka wasa ce: shin yawan hasken ranar da mahaifiyar yaro ta samu lokacin da take ɗauke da cikinsa yana da hannu a cikin halin da zai tashi da shi? Abin da ya haɗa rana da wannan zance shi ne wani sinadari da ake kira bitamin D, wanda jikin ɗan Adam ke sarrafawa da kansa idan rana ta taɓa fatarsa.

Bitamin ɗin da fata ke haɗawa

Labarin bitamin D ya faro ne daga ƙashi. A zamanin da masana'antu suka bunƙasa a Turai, hayaƙin kwal ya rufe samaniyar manyan birane, talakawa kuma suna cunkushe a lunguna masu duhu. Sai ciwon laushin ƙashi ya yi wa yaransu katutu, wato ciwon nan da kan bar yaro da gwame ko ƙafafu a tanƙware kamar baka, da kumburarren wuyan hannu. A 1822 wani likita ɗan ƙasar Polan, Jędrzej Śniadecki, ya lura cewa yaran birnin Warso sun fi na ƙauye kamuwa da ciwon, ya kuma danganta haka da rashin shiga rana. Ba a saurare shi ba. Sai da aka yi kusan shekara 100, a 1919, Edward Mellanby a Ingila ya haddasa wa 'yan kwikwiyo ciwon ta hanyar tsare su a ɗaki da ba su abinci iri ɗaya, sa'an nan ya warkar da su da man hantar kifi. A daidai wannan lokaci a birnin Balin na Jamus, Kurt Huldschinsky yana warkar da yara da wata fitila mai fitar da haske irin na rana. Abin mamaki, da ya haska hannu ɗaya kawai, sai ɗaya hannun ma ya warke, alamar cewa akwai abin da fata ta haɗa ta zuba cikin jini ya zagaya jiki. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya raɗa wa abin suna bitamin D, saboda shi ne na huɗu a jerin bitamin da aka gano.

Yau an san yadda aikin yake. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce masa ultrabayolet. Idan wani nau'insa ya sauka a kan fata, sai ya juya wani maiƙo da ke cikinta, ɗan'uwan kolestarol, ya zama bitamin D. Daga nan jini ya kai shi hanta ta sāke masa siffa, ƙoda kuma ta ƙarasa aikin, ya koma sinadari mai kai saƙo ga gaɓoɓi. Babban saƙonsa ga hanji ne: ya tsotsi kalsiyam daga abinci domin gina ƙashi. Siffar da hanta ta fitar ita ce likitoci ke aunawa a jini, da ma'aunin nanomol a kowace lita. Galibin masana na ganin wanda ya kai 50 ya wadatu, wanda kuwa ya gaza 25 ko 30 yana cikin ƙaranci sosai. Abinci kaɗan ne ke ɗauke da shi: kifi mai maiƙo irin su sadin da wanda ake kira taitus a kasuwa, gwaiduwar ƙwai, da madara ko man shafa burodi da aka ƙara wa shi a masana'anta. Tuwo da miya, komai daɗinsu, kusan babu shi a ciki.

Ɗan tayi kuwa ba ya ganin rana, ba ya cin kifi. Duk abin da zai samu na wannan sinadari daga jinin uwa yake ratsowa ta mabiyiya, kuma abin da ake samu a jinin cibiyar jariri yakan bi sawun na uwar, galibi ma ya ɗan gaza shi. Uwa mai ƙaranci ita ke haifar jariri mai ƙaranci.

Daga ƙashi zuwa ƙwaƙwalwa

Wanda ya fi kowa jawo hankalin duniya ga batun ƙwaƙwalwa shi ne John McGrath, likitan masu taɓin hankali a jihar Kwinslan ta Ostareliya. An daɗe da sanin cewa a ƙasashe masu sanyi, waɗanda aka haifa a lokacin hunturu da farkon bazara sun ɗan fi sauran mutane kamuwa da wani ciwon taɓin hankali mai tsanani da ake kira sikizofireniya. An kuma lura ciwon ya fi yawa a tsakanin mazauna birni, da 'ya'yan baƙaƙen fata da suka yi ƙaura zuwa arewacin Turai. A 1999 McGrath ya wallafa hasashensa cewa abu ɗaya zai iya haɗa waɗannan uku, wato ƙarancin bitamin D a jikin uwa. A ƙasashen can rana takan yi ƙasa ƙwarai a hunturu, har ta kasa yin aikin. Wani bincike na 1988 ya nuna cewa a birnin Boston na Amurka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fata ba ta iya haɗa bitamin D ko da mutum ya wuni a waje. Baƙar fata kuma tana da sinadarin melanin mai yawa, wanda ke tare hasken kamar laima; a Afirka kariya ce, amma a ƙasa mai raunin rana sai ya zama shinge.

Hasashe dai ba hujja ba ne, don haka McGrath da abokin aikinsa Darryl Eyles suka koma ɗakin gwaji. Suka hana ɓeraye mata bitamin D tun kafin su ɗauki ciki har suka haihu, sa'an nan suka duba ƙwaƙwalwar 'ya'yan. Sakamakon da suka wallafa a 2003 ya nuna ƙwaƙwalwar ta fi ta sauran tsawo, ramukan ruwan da ke tsakiyarta sun fi faɗi, ɓawonta na sama kuma ya fi sirantaka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa irin waɗannan ɓeraye, idan sun girma, sukan fi sauran zirga-zirga in an sa su a sabon wuri. A 2005 suka duba ƙwaƙwalwar ɗan Adam, suka tarar ƙwayoyinta suna da makarɓar bitamin D, wato wata 'yar ƙofa da aka yi domin wannan sinadari ya shiga ya isar da saƙonsa. Makarɓar tana da yawa musamman a yankin da ake haɗa dofamin, sinadarin da ke da babban matsayi a harkar mai da hankali da motsi da kame kai. Magungunan da ake bai wa yara masu lalurar rashin natsuwa da ƙiriniya fiye da kima, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD, a kan wannan dofamin ɗin suke aiki.

Ke nan akwai hanyar da abin zai iya bi. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma ƙarancin da aka jefa ɓerayen ciki ya fi wanda akasarin mata ke fama da shi tsanani nesa ba kusa ba.

Jinin da aka adana

Ba ya yiwuwa a hana mace mai juna biyu abin da jikinta ke bukata don a ga abin da zai sami ɗanta. Saboda haka sai masana suka bi ta wata hanya: a auna jinin uwaye, a jira yara su girma, a kwatanta. A nan ƙasashen arewacin Turai suka yi wa kowa zarra, domin sun saba da ajiya. Tun 1983 ƙasar Finlan take adana ɗan jinin da ake ɗiba daga kusan kowace mace a farkon awon ciki, a daskare. Denmak kuma tun farkon shekarun 1980 take adana 'yar takardar da ake ɗiga wa jinin diddigen jariri a kwanakin farko na haihuwa. Da yake kowane ɗan ƙasa yana da lamba, kuma asibitoci na rubuta duk ciwon da aka gano, ana iya ɗauko jinin da aka ɗiba shekara 20 da suka wuce a haɗa shi da tarihin mai shi.

Masana a Jami'ar Turku ta Finlan sun ɗauko yara 1,067 da aka haifa a 1998 da 1999 waɗanda daga baya aka tabbatar suna da lalurar rashin natsuwa, suka haɗa kowanne da wani yaro sa'ansa da ba shi da ita, suka auna jinin uwayensu na farkon ciki. Suka tarar cewa 'ya'yan matan da ke da ƙarancin bitamin D sun fi 'ya'yan masu wadata haɗarin kamuwa da lalurar da kashi 34 cikin 100. A ƙasar Sifen, wani bincike na 2015 a kan uwaye 1,650 da 'ya'yansu ya nuna cewa duk ƙarin nanomol 25 a jinin uwa yana tafe da raguwar alamomin rashin natsuwa da kashi 11 cikin 100 a yara 'yan shekara 4 zuwa 5. A birnin Rotadam na Holan, inda aka bi yara fiye da 4,000, an ga alamomin galahanga sun fi yawa a 'ya'yan matan da ke da ƙaranci a tsakiyar ciki. A Denmak, Eyles da McGrath sun auna takardun jinin mutum 2,602 suka wallafa a 2018 cewa jariran da aka haifa da ƙaranci sun fi sauran haɗarin sikizofireniya da kashi 44 cikin 100. A 2025 aka faɗaɗa wannan aiki zuwa mutum fiye da 70,000, aka kuma sāke ganin alaƙar, har da galahanga da rashin natsuwa.

A Amurka, Melissa Melough da abokan aikinta sun tattara bayanan iyalai daga sassa dabam-dabam na ƙasar suka wallafa a 2023. Sun duba yara 1,688 'yan ƙasa da shekara 6, da wasu 1,480 'yan shekara 6 zuwa 13. Kusan kashi 45 cikin 100 na uwayen ba su kai nanomol 50 ba, kuma baƙaƙen fata ne suka fi yawa a cikin masu ƙarancin. Iyaye ne suka cike takardar tambayoyi game da halayen 'ya'yansu: faɗa, taurin kai, karya doka, tsoro, ƙunci da makamantansu. An samu cewa yawan bitamin D a lokacin ciki yana tafe da raguwar halayen da ke fita fili, irin su faɗa da rashin jin magana, a manyan yaran.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi girman abin, domin jaridu sukan ɗauki kanu su bar gangar jiki. Ma'aunin da aka yi amfani da shi a binciken Amurka, matsakaicin yaro yana samun maki 50 ne, akasarin yara kuma suna faɗawa tsakanin 40 da 60. Ƙarin nanomol 25 a jinin uwa, wanda ba ƙaramin ƙari ba ne, bai rage ko maki ɗaya cikakke ba. Abin da ya rage shi ne 0.73. Babu uwa ko malamin da zai iya gane wannan bambanci da ido a kan yaro ɗaya. Haka ma kashi 34 cikin 100 na Finlan. Lalurar rashin natsuwa tana samun kimanin yara 5 cikin 100 a duniya. In aka ƙara sulusi a kan 5, ana maganar yara 6 ko 7 ne cikin 100. Sauran 93 lafiya lau, duk da ƙarancin da uwayensu suka yi. Ga hukumar lafiya mai lissafin miliyoyin haihuwa, yaro ɗaya ko biyu a kowane ɗari babban al'amari ne. Ga uwa ɗaya, ba abin da zai hana ta barci ba ne.

Kuma ba duk bincike ne ya ga alaƙar ba. A birnin Pat na yammacin Ostareliya an auna jinin mata 743 a mako na 18 na ciki, aka bi 'ya'yansu aka auna halayensu sau shida, daga shekara 2 har zuwa 17. Sakamakon da Andrew Whitehouse ya wallafa a 2012 bai nuna wata alaƙa da hali ba ko kaɗan. Abin da aka gani shi ne matsalar harshe: 'ya'yan mata masu ƙaranci sun kusa ninka sauran wajen samun wahalar fahimtar kalmomi a shekara 5 da 10.

Shamuwa da damina

Kowane Bahaushe ya san idan shamuwa ta sauka a gari damina ta kusa. Wanda ya yi shekara 50 yana rubuta ranar zuwan shamuwa da ranar ruwan farko zai sami alaƙa mai ƙarfi, wadda ta fi duk waɗanda aka lissafa a sama. Duk da haka babu mai hankalin da zai kamo shamuwa a watan Janairu ya sake ta a gonarsa yana jiran hadari. Sauyin iska ne ke kawo su duka biyu. Wannan ita ce babbar matsalar binciken da ke kallo kawai ba ya taɓa komai, kuma ɗalibin kimiyya da ya fahimce ta ya tsira daga ruɗu mai yawa.

Wace ce macen da bitamin D ɗinta ke ƙasa? Sau da yawa ita ce mai ƙiba, domin kitse yana riƙe sinadarin ya hana shi yawo a jini. Ita ce mai ƙaramin ƙarfi da kifi da ƙwai suka fi ƙarfin aljihunta, ko mai fama da ƙuncin rai da ba ta son fita, ko mai shan taba, ko mai zama a cunkoson birni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, shi kaɗai, an san yana da alaƙa da halayen yara. Ga kuma gado: binciken tagwaye ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin mutane a lalurar rashin natsuwa daga ƙwayoyin gado yake. Uwar da ita kanta take da ɓurɓushin lalurar tana iya mance shan maganin da aka ba ta a asibiti, jininta ya nuna ƙaranci, ɗanta kuma ya gaji halin ta hanyar da ba ruwanta da bitamin. Masana sukan yi amfani da lissafi su cire tasirin abubuwan da suka auna, kamar shekarun uwa da iliminta da nauyinta, amma lissafi ba ya cire abin da ba a auna ba.

Kimiyya ta taɓa shan kunya a irin wannan hanya. An daɗe ana ganin masu yawan sinadarin bita-karotin a jini, wanda ake samu a karas da ganyaye, ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba. Da aka gwada bai wa mashaya taba fiye da 29,000 a Finlan, wasu ƙwayar sinadarin wasu kuma ƙwayar da babu shi, sakamakon 1994 ya nuna sankarar ta ƙaru ne da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Ta kuma taɓa cin nasara. A 1991 wani babban gwaji da Ingila ta jagoranta ya tabbatar da cewa sinadarin folik asid, in mace ta fara sha tun kafin ɗaukar ciki, yana rage maimaituwar haihuwar jariri mai buɗaɗɗen ƙashin baya da kusan kashi 70 cikin 100. Abin da ya raba gardama a duka biyun shi ne gwajin ƙuri'a, wato a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, yadda masu ƙiba da matalauta da mashaya taba za su rabu daidai a kowane ɓangare, a ba wa ɓangare ɗaya magani, ba tare da su ko likitocinsu sun san wa ya sami me ba.

An yi wa bitamin D irin wannan gwaji a Kofanhagan, babban birnin Denmak. Mata 623 aka raba gida biyu daga mako na 24 na ciki har zuwa mako ɗaya bayan haihuwa. Ɓangare ɗaya na shan maikurogiram 10 a rana, wato abin da hukumar ƙasar ta saba ba da shawara, ɗayan kuma 70. Asalin manufar gwajin ita ce a ga ko zai rage ciwon asma, amma an ci gaba da bin yaran ana auna lokacin da suka fara zama da tafiya da magana, da basirarsu da halayensu. Rahoton 2020, lokacin da yaran suka kai shekara 6, bai nuna wani bambanci ba. Na 2024, bayan likitoci sun yi wa kimanin 500 daga cikinsu cikakken bincike suna 'yan shekara 10, shi ma bai nuna cewa ƙarin ya rage galahanga ko rashin natsuwa ba.

Da a ce zancen ya tsaya nan, da an rufe littafi. Amma a cikin wannan gwaji kansa an ga wani abu: matan da jininsu ya riga ya yi sama kafin a fara ba su ƙwayar, 'ya'yansu sun fi ƙarancin lalurorin biyu. Ana iya fassara wannan ta fuska biyu. Ko dai bitamin D shamuwa ce kawai, alamar uwa mai lafiya da wadata, ko kuma an makara ne. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne a cikin mako huɗu na farko bayan shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba, kuma ƙwayoyin dofamin suna bayyana a cikin watanni uku na farko. Mako na 24 wata na shida ke nan. Bugu da ƙari, akasarin matan Kofanhagan ba su da ƙaranci tun farko, ɗaya ɓangaren ma ba a bar shi haka nan ba, yana shan nasa maikurogiram 10. Ƙara ruwa a randar da ta cika ba ya nuna amfanin ruwa ga mai ƙishirwa. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne cewa ninka ƙwaya sau bakwai a ƙarshen ciki, ga macen da ta wadatu, ba ya gyara halin ɗanta. Hukunci mafi adalci a yau shi ne alaƙar tana nan, ƙarama ce, kuma gwajin ƙuri'a bai tabbatar da cewa bitamin D ne sanadinta ba.

Ƙasar da rana ta wadata

Duk binciken da aka ambata a Turai da Amurka da Ostareliya aka yi su. Mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda rana ke tsakiyar ka kusan duk shekara, zai iya cewa wannan damuwar mutanen sanyi ce. Da ma haka masana suka ɗauka. Gwajin da aka yi wa Masai da Hadza na Tanzaniya, masu wuni a fili, ya nuna matsakaicin nanomol 115, fiye da ninki biyu na abin da ake kira wadata. Amma a 2020 Reagan Mogire na ƙasar Kenya da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a faɗin Afirka, suka tarar kusan mutum 1 cikin 3 bai kai nanomol 50 ba. Ƙarancin ya fi yawa a birane, da tsakanin mata, da jarirai sababbin haihuwa. Tun 1986 ma wani bincike a kan mata masu juna biyu a Nijeriya ya nuna cewa waɗanda ke cikin kulle sun fi sauran ƙarancin sinadarin, su da jariransu.

Rana tana sama, amma sai ta taɓa fata take aiki. Ginin gargajiya na ƙasar Hausa ya warware wannan matsala ba tare da an yi niyya ba, domin tsakar gida a buɗe take, a nan ake daka da wanki da shanya da girki, mace tana cikin sirrinta kuma rana na samun hannuwanta da fuskarta. Gidan zamani na bene, ko wanda aka rufe tsakar gidansa da kwano, ya toshe wannan hanya. Gilashin taga yana barin haske da zafi su shigo, amma yana tare nau'in hasken da fata ke bukata, don haka zama kusa da taga a rufe ba ya ƙara komai.

Hanzari ba gudu ba, kada a ɗora wa bitamin D duk wata tanƙwararriyar ƙafa da aka gani a unguwa. A Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun gwada magani a kan yara 123 masu laushin ƙashi, suka wallafa a 1999 cewa kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Abincin yaran hatsi ne galibi, babu madara, ƙashinsu kalsiyam ya rasa. Wannan ya isa ya nuna cewa sakamakon Turai ba a kwaso shi ɗungurungum a aza wa wata ƙasa.

Hukumomi ma ba su yi baki ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ba ta yarda a riƙa bai wa kowace mai juna biyu ƙwayar bitamin D ba; ta ce rana ce babban tushe, sai abinci mai kyau, wadda kuwa ake zaton tana da ƙaranci ana iya ba ta maikurogiram 5 a rana. Ingila tana cewa 10, Amurka 15. A 2024 ƙungiyar likitocin sinadaran jiki da ke Amurka ta goyi bayan a riƙa ba masu ciki, amma dalilanta hawan jinin ciki ne da haihuwar bakwaini da makamantansu, halin yaro ba ya cikin hujjojin. Inda kowa ya haɗu shi ne cewa yawansa guba ne. Ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake yi a jiki, ya sa kalsiyam ya yi yawa a jini har ya taɓa ƙoda, shi ya sa aka sa iyakar maikurogiram 100 a rana ga baligi. Man hantar kifi da ya ceci yaran Turai ma ba a son mai juna biyu ta sha shi da ka, saboda yana ɗauke da bitamin A mai yawa wanda ke iya cutar da ɗan tayi. Ƙwaya kowace iri, a wurin awon ciki ake karɓar izninta, kuma gwargwadon yadda aka fara awon da wuri gwargwadon amfaninsa, tunda a can ne ake ba da folik asid da maganin ƙarin jini waɗanda babu gardama a kansu.

Ita rana ba ta sa wa mutum gubar bitamin D, domin fata da kanta take lalata rarar idan ya isa. Hasken da ke yin aikin ya fi ƙarfi ne lokacin da inuwar mutum ta gaza tsawonsa, wato daga hantsi zuwa bayan azahar. Ranar sanyin safiya da ta la'asar sakaliya kaɗan suke bayarwa. Mai baƙar fata yana bukatar lokaci fiye da mai farar fata kafin ya haɗa adadi ɗaya, amma a ƙasa irin ta Hausa ba sai an wuni a rana ba, ɗan lokacin da ake ɗauka ana shanya ko tsince hatsi a tsakar gida, hannuwa da ƙafafu a buɗe, 'yan kwanaki a mako, shi ne irin abin da ake nufi.